Nauyin Takarda Guda

A tsohon ɗakin rini na masaƙa, nan Kakuri,
inda na bar shekara goma sha tara da ɗan yatsa guda,
yau an girke tulun ƙarfe, ya fi tankar mai ciki.
Ni ke ɗaure masa notuna, sittin da huɗu,
a gicciye, kada bakin ya karkace.

Dakta Rifkatu ta ce aikin farko kwashe iska.
Na ce, ranki ya daɗe, a ina za mu zuba ta?
Ta yi dariya har tabaranta ya zamo.
Kwana biyu famfuna na gurnani suna tsotsa
har cikin tulun ya koma babu,
irin babun da ke can bayan gajimare,
inda ko an buga ganga ba mai ji.

A kan rufi faranti arba'in na shan rana.
Ranar Kaduna ce dai,
mai busar da wanki a duwatsun bakin kogi,
mai dafa ƙeyar masu faci a Kasuwar Barci.
Muttaƙa ya hau tun da asuba da tsumma
ya goge kashin tantabaru.

Ranar farko fis ya ƙone.
Ta biyu hadari ya taso daga Kujama
ya rufe mana sama da ƙarfe sha ɗaya.
Ta uku wani silin gashi
ya kwanta a kan robar ƙofa, iska ta sami hanya.
Ba wanda ya ce nawa ne.
Da daddare na aske gemun.

Ran Laraba bayan azahar ta ce a kashe fitilu.
Muka cushe a 'yar taga mai kaurin gindin kwalba.
Ni na saba da inji mai ruri,
mai kaɗa haƙora, mai sa a yi zance da hannu,
don haka na toshe kunnuwa.

Shiru.

Sai wani haske, shuɗi kamar zane a tsomin farko,
ya ɓullo daga abin da bai fi murfin tukunya ba,
ya miƙe, ya tsaya, ko rawa bai yi ba.
Allura ta gusa.
Muttaƙa ya yi kabbara, Dakta ta ce haleluya,
numfashi ɗaya ya ɗauke su.

Na ce, to, nawa ne ƙarfinsa?
Ta yago takarda daga littafinta
ta ɗora min a tafin hannu.
Ta ce, kamar wannan.

Na ce, duk notunan nan?
Duk gemuna?

Ta ce, Baba Tanimu, can sama ba gargada,
ba taɓo, ba shingen a tsaya a nuna takardu.
Turin jiya yana nan yana tafiya,
na yau ya hau bayansa,
na gobe ya hau bayan na yau.
Muddin rana na kallonsa ba ya zama.
Ba shi shekara, ya bar harsashi a baya.

Na bi layin dogo zuwa gida
ta gefen bututun hayaƙin da suka yi shiru,
waɗanda a da ake jin jiniyarsu har Barnawa.
Takardar na aljihuna, ninki huɗu.

Kande na tankaɗe ta ce, me kuka ƙera yau?
Na warware na ɗora mata a tafi,
na maimaita karatun Dakta, da tuntuɓe.
Ta auna da hannu, ta dubi gwangwanin da ke ƙarƙashin gado,
wanda take jefa wa naira hamsin kowace safiya
tun ranar da aka rufe mana ƙofar masaƙa.
Ta ce, ashe asusu ne.
Ta ci gaba da tankaɗe.

Gwajin na awa ɗari biyar ne, ni ke da dare.
Ranar da aka tara a batir tana ta sauka a hankali.
Sauro, shayi ya huce, rediyo na shashshaka.
Duk bayan awa in leƙa taga
in rubuta a littafi da yatsu huɗu:
yana nan, shuɗi, bai tsaya ba.